Sayar da Hajar da Hannu Ba Ya Taɓawa

Daga Babura zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa, yau akwai matasa masu yawa da jarinsu bai wuce wayar hannu da abin da ke cikin kansu ba. Wannan yana sayar da data da katin waya, waccan tana rubuta labari tana sakinsa shafi-shafi a zauren WhatsApp na kuɗi, wani yana zana katin gayyatar biki da na taron siyasa, wani yana tattara tambayoyin JAMB da NECO na shekarun baya yana sayarwa, wata kuma ta buɗe aji a Telegram tana koyar da haɗa turaren wuta da humra. Ba abin mamaki ba ne wannan yanki ya zama haka. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon kwamfuta ta Informatics a Kazaure, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin garin, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince a kafa a Babura a 2021. Masu iya aiki ba su yi mana ƙaranci ba. Duk da haka kukan da ake yawan ji ɗaya ne: na yi abu mai kyau, an tambayi farashi, na faɗa, daga nan shiru. Ƙannena, nasihata a kan wannan shirun take. Sau da yawa laifin ba na hajar ba ne, kuma ba rowar mutane ba ce. Mai saye ne bai samu abin da zai dogara da shi ya saki kuɗinsa ba, kuma alhakin ba shi wannan madogara yana wuyan mai sayarwa.

Ku dubi mai sayen gero a kasuwar Babura. Kafin ya taya, sai ya zura hannu can cikin buhu, ya damƙo, ya murza, ya busa ya ga yawan ƙaiƙayi, ya tauna ƙwaya ya ji ko ta bushe. Mai gero bai buƙatar dogon bayani, domin hajarsa tana amsa tambaya da kanta. Wanda zai sayi littafinki na waya ko darasinka na bidiyo ba shi da wannan dama ko kaɗan. Abin da ke gabansa bai wuce hoton bango, da suna, da 'yan layukan bayani, da ɗan ɗanɗano idan an ba shi, da farashi, da lambar asusun da zai tura kuɗi ba. A kan waɗannan kaɗai ake so ya yanke hukunci, kuma ana ce masa ya biya tukuna kafin ya gani. Irin wannan shi Hausawa ke kira cinikin biri a sama, kuma duk mai hankali gudunsa yake yi. Saboda haka bango da bayani da ɗanɗano sun wuce matsayin ado. Su ne ke tsayawa a madadin hajar har zuwa lokacin da za a buɗe ta, kuma gwargwadon yadda suka faɗi gaskiyarta dalla-dalla, gwargwadon yadda zuciyar mai saye za ta natsu.

Wannan magana ta girmi intanet da shekaru sama da dubu, kuma tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Shari'a ta hana cinikin garari, wato cinikin da mai saye bai san haƙiƙanin abin da zai samu ba. Amma fatake a kowane zamani suna buƙatar sayar da abin da ba ya gaban ido, don haka malaman Malikiyya suka yi wa al'amarin hanya. Imamu Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, ya ware babi a Muwaɗɗa a kan sayar da ƙunshin tufafi ba tare da an kwance shi ba, bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki: yawansu, irinsu da awonsu. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibai ke bita daga Kazaure har Damagaram, ita ma ta halatta wannan, ta kuma halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. Sharaɗin shi ne siffar ta zama sananniya. Idan aka kwance ƙunshi aka tarar ya dace da takarda, ciniki ya tabbata. Idan ya saɓa, mai saye yana da haƙƙin fasawa. Har ma malaman sun yi taka-tsantsan game da sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kayan su zo, sai in wurin yana kusa ko kayan irin waɗanda ba sa saurin canzawa ne. Hukuncin kowane ciniki na yau a bakin malamai za ku neme shi, ni ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, a wajen magabata bayanin haja wani ɓangare ne na cinikin kansa, alkawari ne da ake iya kama mutum da shi. Mu kuwa da muke karɓar kuɗi gaba ɗaya kafin mu tura kaya, nauyin da ke kanmu ya fi nasu.

Akwai kuma hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, wanda kusan kowa ya sani: Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Darasin ya shafi abin da aka ɗora a sama, wurin da ido ke faɗawa. Marubuciyar da ta zuba duk ƙwarewarta a shafuka goma na farko da take bayarwa kyauta, sannan ta cika sauran da maimaici don labarin ya yi tsawo, ta san abin da ta ɗora a sama da abin da ta ɓoye a ƙasa. Haka mai koyarwar da ya nuna aikin wani gwani a tallarsa alhali shi bai kai can ba.

To, yaya bayani na gaskiya yake? Nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne mafi yawanmu ke yin sakaci. Mai sayar da littafi ta faɗi sunansa, da yawan shafukansa, da ko an kammala shi ko ana kan rubutawa. Idan ana kan rubutawa, ta faɗi ranakun da take saki, da abin da zai faru da kuɗin mutane idan rashin lafiya ko wani uzuri ya tsayar da ita, domin babu abin da ya fi ɓata sunan marubutan intanet kamar labarin da aka biya kuɗinsa ya tsaya a tsakiya. Ta faɗi ko na manya ne, don uba ya san abin da zai shiga wayar 'yarsa. Mai sayar da data ya faɗi layin, MTN ne ko Airtel ko Glo, da yawanta, da kwanakin da za ta yi kafin ta ƙare, da minti nawa take ɗauka kafin ta shiga, da abin da zai yi idan ba ta shiga ba. Tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara sa ido a kan kowane megabait, kuma wanda ya sayi ta wata guda ya ga ta ƙare a mako ba zai sake dawowa ba. Mai koyarwa ya faɗi darussa nawa ne, kowanne minti nawa, da Hausa ko da Turanci, wace irin waya ko wane kayan aiki ɗalibi zai buƙata, kuma me zai iya yi da hannunsa ranar da ya gama. Mai zanen kati ya faɗi sau nawa zai yi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, da ranar da zai miƙa aiki, tunda ranar ɗaurin aure ba ta jiran kowa. Farashi kuma a rubuta shi a fili. Al'adar cewa a biyo ta bayan fage a ji kuɗi tana sa mai saye zargin cewa kowa da farashin da ake yanka masa, kuma da yawa kunya ke hana su tambaya, sai su wuce kawai.

Bayan bayani sai kama. Bango mai tsabta, da rubutun da ake iya karantawa a ƙaramar waya da rana tsaka, ya fi mai launi bakwai da haruffa iri biyar. Rubutun Hausa a yi shi daidai, da haruffansa masu lanƙwasa, a raba kalmomin da ake rabawa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa kuma kyauta ne. Mai karatu da ya ga kuskure uku a bangon littafi yana da hujjar zaton cikin ya fi haka muni. Sunan fayil ɗin ma a gyara shi, ya ɗauki sunan littafin da na mai shi, don wanda ya saya ya iya gano shi bayan wata shida a cikin tarkacen wayarsa. A rage nauyin bidiyo da na PDF, domin mai saye a ƙauyukan Gwiwa ko Roni, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, da datarsa zai sauke, kuma kuɗin saukewar yana cikin abin da hajar ta ci masa. Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗauko hoton 'yar mutane daga Instagram ko Facebook a manna a bangon labarin soyayya ko a tallar maganin mata ba da saninta ba. Wannan zalunci ne da ke iya kashe aure ko hana shi, kuma babu ribar da za ta wanke shi.

Na san abin da wasunku za su ce: haja mai kyau ita ke sayar da kanta, wanda ya tsaya kwalliya bai yarda da kayansa ba. Maganar tana da gaskiya a inda ake iya taɓa kaya, ko a inda kowa ya san kowa. A cikin garin Babura sunan gidanku yana iya tsaya maka. Amma kasuwar waya ta wuce garinku, kuma a can ba wanda ya san mahaifinka. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazarin wannan a 1970 a kan kasuwar motoci na hannu, aikin da yake cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da mara kyau, zai taya duka da farashin da ya rage saboda tsoro. Mai kaya masu kyau sai ya ga ba za ta fisshe shi ba ya janye, kasuwa ta koma hannun masu ruɓaɓɓen kaya, tsoron ya ƙaru, farashi ya ƙara faɗuwa. Duk wanda ya ga yadda mutane suka fara gudun azuzuwan intanet bayan an cuce su sau ɗaya ko biyu ya ga wannan da idonsa. Wanda rashin bayani ya fi cutarwa shi ne mai gaskiya, domin shi ne ake auna shi da mudun macuta. Hajarsa mai kyau ba za ta yi magana ba sai an buɗe ta, ba kuwa za a buɗe ta ba sai an biya.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ban raina shi ba. Za a ce ai kyan talla makamin 'yan damfara ne. MMM, da ya rufe asusun 'yan Najeriya a Disambar 2016, da CBEX, da ya durƙushe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, duk sun zo da shafuka masu sheƙi da lambobi masu hawa a fuskar waya da shaidar waɗanda suka ce sun samu. Idan kwalliya ce ke jawo amana, to macuci ya fi kowa iya ta. Haka ne, kyan ɗan maciji gare su. Amma ku sake duba abin da suka nuna da abin da suka ɓoye. Sun nuna riba, sun ɓoye inda ribar ke fitowa. Sun yawaita alkawarin da ba a iya aunawa, sun guje wa bayanin da za a iya kama su da shi. Nan ne bambancin yake, kuma shi ne ma'aunin da nake ba ku don ku auna tallarku: kowace jimla da kuka rubuta, mai saye zai iya dawowa bayan ya buɗe kaya ya ce ta tabbata ko ba ta tabbata ba? Cewa darasi goma sha biyu ne, kowanne minti goma, jimla ce da ake iya bincikawa. Cewa rayuwarka za ta canza cikin mako guda ba a iya bincika ta, kuma yaren macuta ce ko da mai gaskiya ne ya are ta. Ruɗi ma ba ya daɗewa yana biya. Tun 2012 YouTube ya koma ba wa tsawon lokacin da mutane suka yi suna kallo muhimmanci fiye da yawan dannawa, saboda masu sa hoto da take na ƙarya sun cika shi. Masu tashoshin Hausa da ke rubuta salati da hoton jarumi kamar ya rasu don a danna, suna samun dannawar yau, suna asarar mai kallon gobe, ban da zunubin tayar da hankalin iyalin mutum.

Sai batun sata, wanda shi ya fi sa matasa riƙe hannu. Ana cewa in na ba da ɗanɗano, ko na sayar wa mutum ɗaya, gobe zan ga littafina yana yawo kyauta a zauruka ɗari. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ita ta karya kasuwar faifan fim ta Ƙofar Wambai a Kano, lokacin da masu tura fim a waya suka maye gurbin masu sayar da faifai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi ayyukan da ke intanet, amma yaron da ke Roni ba shi da halin bin kowane ɓarawo kotu. Sai dai ɓoye haja ba ya hana sata, saye kawai yake hanawa. Masu fim da suka farfaɗo sun yi haka ne ta hanyar sake fasalin yadda suke miƙa aikinsu: Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira, waɗanda suka fara fita a 2020, sun saba wa mutane da rana sananniya da tasha sananniya, har mai kallo ya gwammace ya je tushe da ya jira na sata. Ƙaramin mai sayarwa ma yana da irin wannan dama. Sa sunanka da lambarka a cikin fayil ɗin, a farko da ƙarshe da ƙasan shafuka, ta yadda duk inda aka kai shi zai nuna hanyar gidanka. Sannan ka haɗa hajar da abin da ba a iya turawa: amsa tambayar ɗalibi, duba aikinsa, gyaran kuskure a sabon bugu, samun ci gaban labari kafin kowa. Ɓarawo yana iya kwafar fayil, amma ba zai zauna ya amsa tambayar kowa ba.

Miƙa haja ba ta ƙarewa a lokacin da kuɗi suka shigo. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare har a ƙauye, kuma tare da shi tsoro ya ƙaru ta kowane ɓangare. Mutum ya ga talla da suna ɗaya, ya zo tura kuɗi OPay ko Moniepoint ya ga wani suna daban, nan take jikinsa ya yi sanyi. In asusun yayanki ne ko na maigidanki, ki faɗa tun a talla. Idan kuɗi suka shigo a amsa da saƙo mai sunan abin da aka saya da adadin da aka biya, a tura kaya a lokacin da aka ɗiba. A kuma gaya wa mai saye ko fayil zai mallaka ko izinin karatu kawai ya saya a cikin wata manhaja. Lokacin da OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023, an ga cewa dandali yana iya tafiya ya bar marubuci da mai karatu suna neman juna. Ku riƙa adana lambobin waɗanda suka saya a wurinku, da izininsu, ku kuma ajiye asalin aikinku a wuri fiye da ɗaya.

Masu cewa duk wannan sai mai kuɗi, ba su lissafa da kyau ba. Manhajar zane ta Canva tana da ɓangaren kyauta, rubuta bayani na gaskiya kuwa awa ɗaya yake ci da natsuwa. In ba ka iya zane ba, abokinka da ya iya yana nan a Kazaure yana neman aiki; ka biya shi, ko ku yi musayar aiki. Kafin ka saki talla, ba wa wanda bai san hajar ba ya karanta, ka tambaye shi me ya fahimta zai samu. Duk inda amsarsa ta saɓa wa abin da ke hannunka, nan ne gyara yake.

Ku da ke Babura kuna da wata dama da na Kano ma ba su kai ku sanin darajarta ba, wato kusanci da Nijar. Iyakar ƙasa ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma a duk lokutan biyu masu kayan buhu sun sha wuya. Littafi da darasi da zane ba sa tsayawa a shinge. Mutumin Magarya ko Damagaram yana jin Hausarku sarai, amma da sefa yake lissafi, bokonsa na Faransanci ne, kuma jarrabawar da ɗansa zai zauna ba JAMB ba ce. In kuna son cinikinsa, ku rubuta farashi da sefa a gefen na naira, ku sa lambar waya da 234 a gabanta, ku faɗi hanyar da zai bi kuɗinsa su iso, ku rage cusa Turanci a bayani, ku haɗa da saƙon murya na minti ɗaya ga wanda sauraro ya fi masa sauƙi a kan karatu.